Fagen Sana'a: Kukan Rulma a Hanyar Dogon Kiriya

Duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwa daga Dogon Dutsi ya nufi arewa, ta Matankari zuwa Dogon Kiriya, ya san wani gurnani da kan taso daga ƙarƙashin kujerar baya. In mota na tafiya a hankali ba a jin sa sosai, amma da direba ya ƙara wuta sai ya ƙaru, kamar ana niƙa a can wani gida mai nisa, in kuma an karya kwana sai muryarsa ta sauya. Fasinjoji kan ɗauka kukan taya ne ko rashin kyan hanya. Direba da yaron motarsa kuwa sun san gaskiya: rulmar baya ce ke neman a sauya ta. Abin da ya rage shi ne ko za a saurare ta yau, ko kuwa a ce bari a ci kasuwa guda tukuna.

Ita rulma, wadda maƙwabta na Najeriya ke kira boris, zobba biyu ne na ƙarfe, ɗaya cikin ɗaya, da ƴan ƙwallaye a tsakaninsu suna birgima cikin giris. Faɗinta bai wuce tafin hannu ba. A motoci irin Toyota Hiace, waɗanda inji ke tura su da tayoyin baya, kowace taya tana ɗaure ne a bakin wata sandar ƙarfe da ta fito daga cikin bututun aksil. Sandar ce ke juya taya, rulmar da ke bakin bututun kuwa ita ke ɗauke da nauyin wannan gefe baki ɗaya, da buhuna da mutane da awakin da aka ɗaure a bisa. A bayan rulmar akwai wani zoben ƙarfe mai kauri da ake cusawa da ƙarfin inji har ya ciji sandar, kuma shi ne ke hana ta zarewa daga mazauninta.

Abubuwa uku ke kashe rulma a ƙasar Arewa. Na farko rairayi. Hanyoyin da ke bi ta kwarin Dallol Mawri zuwa ƙauyuka da kasuwannin mako yashi ne da jar ƙasa, kuma da zarar robar da ke tsare bakin bututu ta tsufa, ƙura ta samu ƙofa, ta gauraya da giris, ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Na biyu ruwa. Da damina mota kan faɗa cikin ƙorama aksil yana da zafi, sanyin ruwa ya sa iskar da ke ciki ta tsuke, ruwa ya biyo ta wurin robar ko ta ɗan ramin da aksil ke numfashi. Bayan ƴan makonni tsatsa ta gama aikinta.

Na uku, wanda ya fi su ɓarna, shi ne lodi, kuma a nan ne ɗan kasuwa ya kamata ya buɗe kunne, domin magana ce ta lissafi. Masu ƙera rulma suna da ƙa'ida sananniya game da mai ƙwallaye: in aka ninka nauyin da ke kanta sau biyu, kwananta ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin takwas yake komawa. Ko rabin nauyin kawai aka ƙara, abin da zai saura bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Irin waɗannan motoci an yi su ne su ɗauki tan ɗaya da ɗan wani abu, wato kimanin buhu 10 na gero ko wake mai kilo 100, kuma nauyin mutane yana cikin wannan lissafi. Wanda ya ga yadda ake ɗaure mota ranar kasuwa lokacin kaka, har gindinta na neman taɓa ƙasa, ya san inda kuɗin gyara ke fitowa.

Gane cutar ba shi da wuya. Bayan tafiya mai nisa, a kai hannu kusa da tsakiyar tayoyin baya: wadda ta fi ƴar'uwarta zafi sosai tana da magana. A ɗaga motar, a kama taya sama da ƙasa a girgiza; in tana motsi, ko in an juya ta ana jin ƙaras-ƙaras, an samu mai laifi. In kuma an ga baƙin mai yana tsiyaya ta cikin taya, to robar ta mutu, mai ya shiga kwanon burki, kuma burkin da ya sha mai ba ya kamawa.

Gyaran ƙwarai yana da tsari. A tsayar da mota wuri mai tauri, a tokare tayoyin gaba, a ɗora ta bisa abin da ba ya zamewa, domin ba a shiga ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ke riƙe da ita, balle a kan yashi. A cire taya da kwanon burki, a kwance bututun man burki da wayar burkin hannu, a kwance notocin da ke ɗaure farantin burki da bakin aksil, sa'an nan a zaro sandar. Tsohon zobe ana rage kaurinsa da dutsen wuta, a fasa shi da kurfi, ba tare da an ji wa sandar ciwo ba. A fitar da tsohuwar rulma da injin matsi, a duba mazauninta. In ya cinye ko ya yi shuɗi saboda zafi, to sandar ma ta gama aiki. Sabuwar rulma da injin matsi ake sa ta, kuma a kan zobenta na ciki ake dora ƙarfin, don kada ƙwallayen su lotsa hanyarsu tun ba a fara tafiya ba. Sai sabon zobe, sai sababbin robobi. Bayan an mayar da kome, a cika man aksil irin wanda ya dace, a fitar da iska daga burki, a share ramin numfashi. Mai hankali kan duba ɗaya gefen nan take, tun da hanya ɗaya suka bi, kaya ɗaya suka ɗauka.

Matsalar ita ce injin matsi ba a kowane gari yake ba. Motar da ta tsaya a Dogon Kiriya, sau da yawa sai an ɗauki sandar an kai ta babban gari, abin da ke cin yini guda ko biyu, ga kasuwa na wucewa. A nan ne ake shiga gyaran gaggawa: a buga rulma da guduma da guntun bututu, a yanke zobe da wutar walda har zafi ya raunana sandar, ko a mayar da tsohon zobe a ɗan ɗiga masa walda a ce ya kama. Alhali zoben da aka taɓa cirewa ya buɗe, ba ya sake cizo kamar da. Ranar da ya saki, sandar kan zaro waje da tayarta da kwanon burkinta, gefen mota ya faɗi ƙasa, direba ya taka burki ya ji wayam. Sauri ya haifi nawa, in ma abin ya tsaya ga nawa.

Sai kuma maganar inda ake sayen kayan. Tun ranar 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan gyaran da ke zuwa daga Turai suka yi tsada, masu motoci suka ƙara karkata ga kasuwannin Najeriya da kayan da aka ciro daga matattun motoci. Rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda aka ɗage a Fabrairu 2024, sun sake nuna yadda gyaran mota a Arewa ke rataye da hanyar Ƙwanni da Sakkwato. Duk lokacin da kaya ya yi wuya, jabu kan samu kasuwa. Ana samun kwalaye masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni irin su SKF da Koyo da NSK, alhali abin da ke ciki ƙarfe ne maras tauri. Don haka mai saye, ko a Dutsi ne ko a kasuwar Katako ta Yamai, ya tafi da tsohuwar a hannu, ya gwada lambar da aka zana a jikinta da ta sabuwar, ya sayi zobe da robobi tare, kuma ya ji tsoron farashin da ya faɗi ƙasa warwas. Araha ba ta ado.

Laifin bai tsaya ga makaniki kaɗai ba. Mai motar da ke ƙirga abin da direba ya kawo da maraice, bai taɓa tambayar yaushe aka duba aksil ba, yana da kasonsa. Ɗan kasuwar da ke matsa wa ƴan kamasho a ƙara masa buhu biyar don kada ya biya mota ta biyu, shi ma yana da nasa, kuma kayansa ne za su kwana a daji in taya ta fita. Malamin makaranta mai komawa bakin aiki, da ma'aikacin likita, da mai jegon da ake kaiwa asibitin Dutsi, su ne ke zaune daidai bisa wannan taya. Fasinjan da ya ji gurnani yana da ikon ya yi magana tun mota ba ta bar tasha ba, direban ƙwarai kuma ba ya jin haushin wannan.

Kuɗin rulma da zobenta da ladan injin matsi ba su kai kuɗin sanda da kwanon burki da asarar kasuwa ba, balle ran mutum. Rulma takan yi kuka kwana da kwanaki kafin ta saki, don haka wanda ya ji kuma ya ɗora mata kaya ba shi da bakin cewa tsautsayi ne. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.