Wa zai rubuta tarihin jinin da ake zubarwa a gida?

Kowace shekara, idan lokacin neman guraben karatu ya zagayo, sanarwa takan yi ta shigo mana: wata jami'a a Ingila, ko wata cibiya a Amurka ko Jamus, tana neman masanin da za ta ɗauki nauyinsa shekara ɗaya ko biyu domin ya yi bincike kan rikici da tashin hankalin siyasa. Da yawanmu mukan karanta mu wuce. Wasu suna ganin aikin 'yan kimiyyar siyasa ne kaɗai, wasu kuma suna yi wa abin kallon leƙen asiri da aka sa wa rigar ilimi. Ra'ayina shi ne mu nemi waɗannan guraben da gaske, amma mu shiga da idonmu a buɗe, da sharuɗɗanmu a hannu.

Dalili na farko shi ne, binciken ana yin sa, da mu ko ba mu. Tun bayan rikicin Maiduguri na watan Yulin 2009 da kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda, musamman kuma bayan sace 'yan matan Chibok 276 a watan Afrilun 2014, littattafai da maƙaloli kan Arewacin Najeriya da yankin Tafkin Chadi suka yi ta fitowa ba ƙaƙƙautawa. A cikinsu akwai masu inganci waɗanda marubutansu suka koyi harshe, suka zauna da mutane. Akwai kuma waɗanda aka rubuta daga otal a Abuja, an dogara da jaridun Turanci da rumbunan ƙididdiga irin na ACLED da na Jami'ar Uppsala. Waɗannan rumbuna suna da amfani, sai dai galibin abin da suke tattarawa daga rahotanni yake fitowa. Harin da aka kai ƙauyen da babu ɗan jarida, ko wanda aka kai a Zamfara lokacin da aka katse layukan waya a watan Satumban 2021, yana iya wucewa ba a ƙirga shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada mu ɗauka rubutun masana a kan kanta yake ƙarewa. Sunan da aka raɗa wa rikici shi yake tsara maganin da za a nema masa. An shekara da shekaru ana muhawara a kan abin da ke faruwa a Zamfara da Katsina da Sakkwato har zuwa jihar Maraɗi: rikicin manoma da makiyaya ne, ko fashi ne, ko ta'addanci? A watan Nuwamban 2021 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindigar a matsayin 'yan ta'adda, gwamnati ta buga hakan a jaridarta ta hukuma a farkon 2022. Kowane suna daga cikin ukun nan yana kai wa ga hanya daban: sulhu da gyaran burtali, ko aikin 'yan sanda da kotu, ko jiragen yaƙi. Jami'an da ke rubuta manufofi a Abuja da Landan da Washington suna karanta abin da masana suka rubuta. In ba mu cikin masu rubutun, za a yanke hukunci a kan ƙauyukanmu da fahimtar wasu.

Ba kuma a kanmu aka fara ba. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya wallafa littafinsa kan yadda ake wasa da addini don biyan buƙatun siyasa a 1987, 'yan shekaru bayan rikicin Maitatsine na Kano a watan Disamban 1980. Marigayi Farfesa Abdul Raufu Mustapha, daga kujerarsa a Oxford, ya haɗa kan masana na gida da na waje suka fitar da littattafai kan ƙungiyoyin addini da rikici a Arewa. A 2021 Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya gabatar da binciken da ya yi bayan ya zauna da 'yan bindigar Zamfara ya ji ta bakinsu. A Yamai, cibiyar LASDEL ta nuna cewa ana iya yin bincike mai daraja a idon duniya ba tare da an bar gida ba.

Ƙofofin kuma suna nan. Gidauniyar Harry Frank Guggenheim da ke New York ta keɓe kanta ga binciken tashin hankali, tana da shiri na musamman ga matasan masana 'yan Afirka. Majalisar SSRC tana ba da tallafi ga masu binciken gina zaman lafiya a Afirka da masu digiri na uku. CODESRIA a Dakar tana wannan hidima tun 1973. Ba a kan ɗan kimiyyar siyasa kaɗai abin ya tsaya ba: likita mai nazarin taɓuwar hankalin waɗanda suka tsira, da masanin ƙasa mai bin sawun burtalolin da aka nome, da masanin harshe mai nazarin wa'azi, duk suna da abin cewa.

Sai dai masu ɗari-ɗari suna da hujja, bai kamata a raina ta ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai ba da kuɗi yakan zo da tambayarsa. Ƙasashen Turai sun fi damuwa da ƙaura da tsattsauran ra'ayi, alhali tambayar manomin Shinkafi ita ce me ya sa sai ya biya haraji ga ɗan bindiga kafin ya girbe gonarsa. Akwai kuma zaluncin da ba a cika magana a kai ba. Na san wani abokin karatuna da ya yi watanni yana yi wa wani baƙon masani tafinta a sansanin 'yan gudun hijira. Shi ya nemo mutanen, shi ya ji kukan zawarawa da kunnensa, shi ya rage a garin bayan baƙon ya hau jirgi. Da littafin ya fito, ko a shafin godiya ba a ambaci sunansa ba. Mu da muke riƙe da katin jami'o'in waje, idan muka koma gida da kuɗin tallafi, muna iya zama wannan baƙon.

Don haka ga sharuɗɗan da nake ganin ya kamata kowane ɗan wannan ƙungiya ya ɗora wa kansa. Tambayar binciken ta fito daga gida, ko da za a sa ta cikin harshen da mai ba da kuɗi yake ji. Wanda ya taya ka aiki a biya shi hakkinsa cikakke, a saka tsaronsa cikin kasafin kuɗi, a sa sunansa a kan maƙala idan ya yarda kuma babu haɗari. Sirrin wanda ya ba ka labari amana ne, kada ya faɗa hannun soja ko ɗan bindiga ta hanyar wayarka. Daga ƙarshe, a mayar da sakamakon da Hausa ko Kanuri ko Fulatanci, a kai rediyo, a ajiye kwafi a Gidan Arewa da ke Kaduna ko Gidan Mambayya da ke Kano.

Abu na ƙarshe ya shafi hukumomin gida. Abin da ya sami USAID da Cibiyar Zaman Lafiya ta Amurka a 2025 ya isa ishara cewa kuɗin waje yana iya ƙafewa dare ɗaya idan siyasar masu shi ta juya. TETFund tana da asusun bincike na ƙasa, gwamnonin Arewa kuma suna kashe maƙudan kuɗi da sunan tsaro. Kaɗan daga ciki zai ɗauki nauyin ɗalibai masu digiri na uku a Gusau da Dutsin-ma da Maiduguri.

Kafin su farga, mu fara da abin da ke hannunmu. Ina ba shugabannin ƙungiya shawara su kafa ƙaramin kwamiti da zai riƙa tattara waɗannan guraben, ya haɗa masu nema da waɗanda suka taɓa samu domin su duba musu takardu, ya kuma aika wa 'yan'uwanmu na jami'o'in gida da wuri, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya jiƙan waɗanda muka rasa.