Ba Laifin Murhu Ba Ne

'Yan uwana ɗalibai, tsadar gas da gawayi ta sa wasu gidaje a Kinkinau sun koma ga murhun garin katako, irin wanda ake ƙerawa a Panteka. Kwana biyu sai a jefar da shi bayan ɗaki, wai ya cika hayaƙi. Ni a ganina zaluntarsa ake yi.

A da, totuwar masara muke zuba wa namu. Totuwa tana barin iska ta ratsa, garin katako kuwa toshe ta yake yi. Sai an kafa muciya a tsakiya, an zura wani icen ta ƙofar ƙasa har ya taɓa ta, an danƙare garin da taɓarya, sannan a zare su a hankali. Ta wannan ramin wuta ke samun iska. In ya rufta, danƙarewar ce ba ta yi ba. In hayaƙi ya turnuƙe, ko garin da danshi, ko tukunya ta rufe bakin. A ɗaga ta da 'yan duwatsu uku.

Don Allah a guji garin katakon da ya sha fenti ko gam, kuma a tsakar gida za a kunna. Ƙannenmu mata ne ke tsugune a gabansa, sannan su taho makaranta ido jawur.