Ƙwan da Ya Tsallake Tafkin Gishiri, Ya Zo Ya Mutu a Leda

Duk wanda ke hulɗa da masu ƙyanƙyasar tarwaɗa, ko masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi, ya san kukan da suke yi ranar da ƙwan atimiya ya ƙi fashewa: an sayar musu da jabu. Wani ya ɗora laifin a kan ruwan burtsatse, wani a kan gishirin da ya zuba. Jabu dai akwai shi, domin babu hajar da ake sayowa da dala wadda 'yan algus suka ƙyale. Amma kafin a kai ga zancen jabu akwai laifin da ya fi kusa, kuma shi ne ba a son a ambata. Ƙwan yakan iso ƙasar nan da ransa, mu ne muke kashe shi a kanta, a bayan mota, da kan tagar ɗakin ƙyanƙyasa, sa'an nan mu ci gaba da sayar wa juna gawarsa a farashin mai rai.

Atimiya wata 'yar mitsitsiyar halitta ce, dangin jatanlande, da ke rayuwa a ruwan da gishirinsa ya fi ƙarfin kifi. Idan yanayi ya tsananta, macen takan saki ƙwai mai taurin ɓawo, ruwan ƙasa, wanda faɗinsa bai wuce rubu'in milimita ba. A ido kamar garin yashi yake, kuma giram ɗaya na ɗauke da ƙwai kimanin 250,000. Abin da ke cikin ɓawon ɗan tayi ne da ya dakatar da rayuwarsa cak, ba ya numfashi, ba ya cin guzurinsa. A zuba shi a ruwan gishiri mai ɗumin digiri 25 zuwa 28, a hura masa iska, a haska masa fitila, cikin awa 24 sai ga 'yan jajayen halittu suna iyo. Tun a shekarun 1930 Alvin Seale a Amurka da Gunnar Rollefsen a Norwe suka nuna cewa waɗannan jariran abinci ne na musamman ga 'ya'yan kifi, kuma har yau masana'antar kiwon kifi ta duniya ba ta sami abin da zai maye gurbinsu gaba ɗaya ba.

Wannan baiwar ta jure wuya ita ce ta zame wa ƙwan masifa a hannunmu. An ji cewa yana shekaru a bushe bai mutu ba, sai aka ɗauke shi kamar gero a rumbu. Alhali juriyar tasa tana da sharaɗi: sai ruwan da ke jikinsa ya tsaya ƙasa da kashi 10 cikin 100. Shi kuwa ƙwan, kamar gishirin miya a damina, zuƙar laima yake yi daga iska. Da zarar danshinsa ya haura wancan mizani, iskar oksijin ta fara yi masa illa daga ciki. In ya kai wajen kashi 30, ɗan tayin ya fara farkawa, ya shiga ƙona ɗan sukarin da aka tanadar masa domin fasa ɓawo, amma ruwan bai isa ya kai shi ga fitowa ba. Iska ta bushe, ya koma barci da ragowar guzuri. Ta sake yin laima, ya sake farkawa. Bayan 'yan zagaye, ranar da aka zuba shi a mazurarin ƙyanƙyasa ba shi da sauran ƙarfin fasa komai. Zafi kuma yana hanzarta duk wannan lalacewa. Shi ya sa kamfanoni ke busar da ƙwan, su zuƙe iskar gwangwanin ko su cika shi da naitirojin, su rufe ruf, su kuma ce a ajiye a wuri mai sanyi, ƙasa da digiri 10.

To, yanzu a dubi abin da ke faruwa a kasuwa. Gwangwani mai giram 425 ya fi ƙarfin aljihun ƙaramin mai ƙyanƙyasa, musamman tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Sai ɗan kasuwa ya fasa gwangwanin, ya riƙa aunawa da cokali yana ƙullawa a farar leda, kamar mai sayar da yaji. Ledar tana rataye a shago mai rufin kwano, ta sha zafin Afrilu da ke kaiwa digiri 40, in ta yi kwantai ta shiga laimar Agusta. Da ka tambaya, sai a nuna maka gwangwanin da aka ɗebo daga ciki, a ɗora yatsa a kan rubutun da ke cewa kashi 90 cikin 100 zai ƙyanƙyashe.

A nan ne ha'incin yake, ko da mai yin sa bai san sunansa ba. Wancan adadin alkawari ne da kamfani ya ɗauka game da rufaffen gwangwani da aka ajiye bisa ƙa'ida. Ranar da aka fasa murfin, alkawarin ya tashi daga wuyan kamfani ya koma wuyan wanda ya fasa. Mai sayar da ƙullin leda yana cin kuɗin kashi 90 ne a kan kayan da bai taɓa gwadawa ba, bai kuma san ko sun sauko zuwa rabi ba. In sun sauko, mai saye ya biya ninki biyu ke nan a kan kowane jaririn atimiya da ya samu. Da mudu aka tauye haka da tuni an kai ƙara wurin sarkin kasuwa. Amma mataccen ƙwai da mai rai kamanninsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, saboda haka cutar ba ta da shaida sai bayan kwana guda, a can gidan wanda aka cuta.

Asarar ma ba a kuɗin ƙwan ta tsaya ba. Ɗan tarwaɗa yana fitowa ne da 'yar jakar ƙwanduwa a cikinsa, wadda ke ƙarewa wajen kwana na uku. Daga nan dole ya sami abin da bakinsa zai iya kamawa, cikinsa kuma zai iya narkarwa, alhali tumbinsa bai gama ginuwa ba. Waɗannan 'yan kwanaki ba sa jiran kowa. Mai ƙyanƙyasar da ya jiƙa ƙwai jiya da nufin ciyar da dubban baki yau, ya wayi gari da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ba shi da damar cewa su yi haƙuri zuwa gobe. Waɗanda suka samu za su girma, waɗanda suka rasa su tsumbure, kuma tarwaɗa ba ta da kara: babba zai haɗiye ƙarami. Ƙwan da bai fashe ba, idan ya bi cikin abincin, ɓawonsa ba ya narkewa, yana iya toshe hanjin ɗan kifi, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta. Bayan mako biyu sai ka ji ana zagin uwar kifin da aka tatsa, ko allurar da aka yi mata. An bar jaki ana dukan taiki.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta rasa nauyi. Za a ce in ba a fasa gwangwani ba talaka ba zai taɓa sayen atimiya ba, kuma wa ke da wutar da zai riƙe firji dare da rana? Sayarwa kaɗan-kaɗan ba laifi ba ne, hidima ce ma. Laifin yana ga yadda ake yin ta. Babu abin da ya hana a fasa gwangwani a busasshen ɗaki, a raba shi nan take cikin ƙananan kwalabe masu murfin da ba ya shan iska, a cika kowace har wuya domin kada a bar wa iska wuri, a rubuta ranar da aka fasa a jiki. Kwalbar ba ta kai kuɗin cokali ɗaya na abin da ke cikinta ba. Wanda ya iya sayen firiza domin lemo da ruwan leda bai isa ya ce hajar da ta fi komai tsada a shagonsa ce ba ta da gurbi a ciki ba.

Batun wuta kuwa yana buƙatar a yi masa fahimta ta daidai, domin firjin da ke mutuwa yana tashi ya fi kabad haɗari ga ƙwan da ba a rufe da kyau ba. Kowane ɗaukewar wuta raɓa ce ke sauka a kan kayan ciki, kuma leda ba ta hana ta shiga. Ko da wuta ba ta yanke ba, wanda ya ciro kwalba mai sanyi ya buɗe ta nan take a ɗaki mai ɗumi ya jiƙa ƙwansa da hannunsa, kamar yadda jikin kofin ruwan ƙanƙara ke yin gumi. A bar ta ta huce tukuna, a ɗiba da busasshen cokali, a rufe. Wanda aka daɗe da daskarar da shi a firiza, masana na ba da shawarar a bar shi kamar mako guda a yanayin ɗaki, a rufe, kafin a jiƙa. Wanda ba shi da firji sam, bushewa ta fi masa sanyi muhimmanci: rufaffiyar kwalba, wuri mafi sanyi da duhu a gidan, da sayen abin da zai ƙare cikin 'yan makonni kawai. Shi ma ƙwan da aka cire wa ɓawo da sinadarin bilic, wanda da yawa ke barbaɗa wa 'ya'yan tarwaɗa kai tsaye ba tare da ƙyanƙyasa ba, bai tsira daga wannan hukunci ba. Ba a jiran ya fashe, gaskiya ne, amma kitsen da ake sayensa dominsa yana lalacewa a zafi da iska, ga shi an tuɓe masa rigar da ke kare shi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tazarar da ke tsakanin yadda ake tattalin wannan ƙwai a inda yake fitowa da yadda muke wulaƙanta shi. Kusan kashi 40 cikin 100 na abin da duniya ke amfani da shi daga Babban Tafkin Gishiri na jihar Yuta a Amurka yake zuwa, sauran kuma daga tafkunan Saiberiya, Kazakistan, Sin da wasu wurare. A Yuta ana buɗe kakar kwasa ranar 1 ga Oktoba, jiragen sama na shawagi suna hango inda ƙwan ya taru a saman ruwa, hukumar kula da namun daji ta jihar kuma tana ƙirga abin da ya rage. In ya sauko zuwa ƙwai 21 a kowace lita, sai a rufe kakar domin a bar iri. Da ƙwaya-ƙwaya suke lissafi. Tafkin kansa yana cikin wani hali: a Nuwamban 2022 ruwansa ya yi ƙasan da ba a taɓa gani ba tun da aka fara aunawa, saboda fari da karkatar da kogunan da ke shayar da shi zuwa gonaki, gishirinsa ya kai kusan ninki biyar na ruwan teku, dab da inda ita kanta atimiya ke fara galabaita. Wanda ya san labarin Tafkin Chadi ba ya buƙatar dogon bayani. A ƙarshen shekarun 1990 ma girbin tafkin ya taɓa faɗuwa, farashi ya yi tashin gwauron zabo a duniya baki ɗaya. Kenya ta fara noman atimiya a filayen gishirin Malindi tun shekarun 1980, da taimakon Jami'ar Gent ta Beljiyam. Mu da muke alfahari da cewa babu ƙasar da ta kai mu noman tarwaɗa a Afirka, da dala muke sayo kowane giram, mu kuma bar shi a rana.

Ba sai an jira hukuma ba kafin a fara gyara, ko da yake ƙungiyoyin masu kiwon kifi na da ikon wajabta wa dillalansu rubuta ranar fasa gwangwani, kuma abin mamaki ne a ce har yanzu sai an roƙe su. Gwajin ƙwan ba ya buƙatar ɗakin bincike. A lakato ɗan kaɗan a bakin tsinke, a baza a farar takarda, a ƙirga ɗari da gilashin ƙara girma, a zuba a faranti mai ruwan da aka narkar wa giram 25 na gishiri a lita ɗaya, a ajiye ƙarƙashin fitila. Bayan awa 24 zuwa 36 a tsotso masu iyo da sirinji a ƙirga. Dillalin da ya yarda da kayansa zai yi wannan da kansa duk mako, ya rubuta sakamakon a jikin kwalba, ya daidaita farashi da shi. Mai ƙyanƙyasa kuma ya yi nasa gwajin kwana uku kafin ya yi wa uwar kifi allura, lokacin da yake da sauran damar mayar da ƙullin ga wanda ya sayar masa.