Yatsu Huɗu, Ambulan Ɗaya

Injin markaɗa roba ya kama hannun wani abokin aikinmu cikin aikin dare, a wata masana'anta da ke Sharaɗa a Kano. Yatsu huɗu suka tafi. Kafin gari ya waye an wanke jinin, an tada injin, an sa wani a gurbinsa. Bayan kwana uku aka aiko direban manaja asibiti da ambulan da wata takarda, wai ya dangwala, magana ta ƙare. Da hagu ya dangwala, don dama tana cikin bandeji.

Mu da muka je dubiya me muka ce masa? "Sannu, ƙaddara ce, Allah Ya sa kaffara ne." Gaskiya muka faɗa, amma rabinta. Addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya yanka wa kowane yatsa diyyar raƙuma goma, bai ce a yi shiru ba. Mu ne muka mayar da haƙuri ya zama bargon da mai kamfani yake lulluɓe laifinsa da shi, har in mutum ya ce zai nemi haƙƙinsa sai a riƙa kallonsa kamar ya yi saɓo.

Alhali doka tana nan. Tun 2010 Najeriya ta kafa dokar biyan diyyar ma'aikata, wadda ta maye gurbin ta 1987. Ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ko ɗan kasuwa, ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya kowane wata a asusun hukumar NSITF, kuma haramun ne ya cire wannan kuɗi daga albashinmu. In an ji rauni, daga asusun ake biyan magani da diyya, ba sai an tsaya shari'ar wane ne ya yi sakaci ba. Wanda rauni ya nakasa gaba ɗaya yana da kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wanda ya rasa wata gaɓa a lissafa masa gwargwadon nakasar. Hatsarin hanya tsakanin gida da wurin aiki ma yana ciki. Ɗan koyo da mai aikin wucin gadi, waɗanda ake gaya musu su ba ma'aikata ba ne, dokar ta ambace su. Ita kuwa takardar da aka sa ɗan'uwanmu ya dangwala, dokar ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yafe diyyarsa a cikinta ba ta da wani ƙarfi. Takardar tsire ce.

Tarkon yana wurin kwanaki. Mai rauni, ko iyalinsa, yana da kwana 14 ya sanar da mai aikin abin da ya faru, da lokaci, da wuri. Mai aikin yana da kwana 7 ya kai rahoto hukuma. Neman diyyar kuma cikin shekara guda ake shigar da shi. To, mutumin da ke kwance yana fama da raɗaɗi, matarsa tana neman kuɗin allura, wa zai tuna masa da kwana 14? Kamfanin da bai taɓa zuba ko kwabo a asusun ba kuwa, ai ba zai kai rahoton da zai tona masa asiri ba. Ambulan ya fi masa arha.

A nan ne muke da magana da ƙungiyarmu, kuma ba za mu sassauta ba don tamu ce. Duk wata ana cire mana kuɗin ƙungiya tun kafin albashi ya shigo hannu. Ranar 1 ga Mayu a raba mana riga da hula, mu yi fareti cikin rana, a yi jawabi. Amma da aka yanke wa ɗan ƙungiya yatsu, shugaban reshe lemo ya kai masa, ya ce a bi a hankali kada a ɓata da manaja. Ba lemo muke biya ba. Muna biya ne don a sami wanda zai rubuta takardar sanarwa a daren da abin ya faru, ya ɗauki hoton injin da aka cire wa marfin kariya don ya ƙara gudu, ya karɓi rahoton likita, ya rubuta sunayen shaidu, ya je ofishin hukuma ya tambaya ko kamfanin nan yana da rajista.

Za a ce mana hukumar ma ba abin dogaro ba ce. Mun sani. Ba mu manta ba, a 2022 an gaya wa kwamitin majalisar dattawa cewa mai yiwuwa gara ta cinye takardun kuɗin da suka haura naira biliyan 17, ko da yake hukumar ta musanta daga baya. Amma in ana zargin gara ta shiga rumbu, barin mata rumbun ake yi? Kuɗin da sunanmu aka tara su. In an hana mutum, akwai kotun ma'aikata ta ƙasa da za a ɗaukaka ƙara.

Za a kuma ce in ya yi magana za a kore shi. Ɗan'uwanmu bai yi magana ba, ya dangwala, ya yi godiya. Wata biyu da sallamarsa daga asibiti aka ce masa babu aikin mai hannu ɗaya. Kuɗin ambulan sun ƙare a kantin magani.

Shekara ba ta cika ba tukuna. Mu biyar muka haɗa kuɗin mota, mun karɓo rahoton likita, mun rubuta abin da muka gani a daren, kowa ya sa hannu da sunansa. Ranar Litinin za mu kai takardun, kuma mun aika wa shugaban reshe saƙo cewa akwai kujera ɗaya a motar.