Noman Kamun: A Gwada Shi A Kadawa

Duk wanda ya san tarihin Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano ya san abin da ƙwayar shuka guda take iya yi wa gari. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, nan da nan gyaɗa ta cika taragu. Ita ta jawo Kwarori suka zauna a Fagge, ita ta tayar da dalar gyaɗa, har fari da cutar da ta auka wa gonaki a 1975 suka karya ta.

Yau akwai wata ƙwaya da ta cancanci a dube ta, watau kamun, wanda Indiyawa ke kira jira. Ana sa shi a nama da shinkafa da miya saboda ƙamshinsa. Yana da sinadarin ƙarfe mai gina jini, kuma tun zamanin da ake shan ruwansa don kumburin ciki da rashin narkewar abinci. Sai dai kada a ɗauke shi habbatus sauda, domin shuka daban ce, kada kuma ya hana mara lafiya zuwa asibiti.

Wanda ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari daga ƙetare yake zuwa. Indiya ce ke noma mafi yawansa a duniya, musamman jihohin Gujarat da Rajastan. Can ana shuka shi wajen Nuwamba, a girbe bayan kamar wata 4. Yana son sanyi da busasshiyar iska da ban ruwa kaɗan; laima kuwa cuta take jawo masa. Ashe ba siffar hunturun Kano ke nan ba, lokacin da ake noman alkama da ruwan Tiga?

Amma kamannin yanayi bai isa a tura talaka ya zuba jarinsa ba. Wajibi ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Jami'ar Bayero su fara gwada iri a Kadawa, su auna amfanin kowace eka, su bayyana sakamakon da Hausa. Ma'aikatar gona kuma ta nemo masu saye kafin a raba iri, don kada manomi ya girbe abin da ba shi da kasuwa.

In ya karɓi ƙasar, an rage kuɗin da ke fita waje, tashar kuma ta sami sabon kaya. In ya ƙi, an yi asarar 'yan kadadu ne kawai. Sai an gwada akan san na ƙwarai.