Iyaka Ba Gonar Kowa Ba Ce

Akwai maganar da ke yawo tsakanin masu koyon Python a Sakkwato, daga azuzuwan jami'a har cibiyoyin kwamfuta na cikin gari: wai ƙa'idar yanka jeri tarko ce, a haddace ta kawai a wuce. Wannan ɓata ce, kuma malamin da ya koyar da haka ya cuci ɗalibinsa.

A ɗauki jerin sarakunan Musulmi biyar na farko bayan Shehu: Muhammadu Bello, Abubakar Atiku, Aliyu Babba, Ahmadu Atiku, Aliyu Ƙarami. Python daga 0 take fara ƙirge. Idan aka rubuta sarakuna[1:3], sunaye biyu ne ke fitowa, Abubakar Atiku da Aliyu Babba. Mai lamba 3 ba ya ciki, kuma a nan ake kukan tarko.

Lambobin nan iyakoki suke nunawa tsakanin sunaye, iyaka kuwa ba gonar kowa ba ce. Tarihin birnin ma haka yake ƙirge: Bello ya hau a 1817, ya rasu a 1837, Atiku ya gaje shi a shekarar. Shekara 20 ke nan, ta hanyar ɗebewa. Haka 3 ban da 1 ke ba da tsawon yankin, kuma [:3] da [3:] suna haɗuwa ba giɓi ba maimaici. Edsger Dijkstra ya kafa wannan hujja a 1982, kafin Guido van Rossum ya fitar da Python a 1991.

Masu musu kan ce R da MATLAB suna farawa daga 1 kuma suna haɗa ƙarshe. Gaskiya ne, shi ya sa hadda ba ta isa: wanda bai san dalili ba, da ya sauya harshe zai tuntuɓe.

Kuskuren kuwa yana da tsada. Ma'aikacin da ke raba jerin albashi ɗari-ɗari, in ya rubuta [0:100] sannan [101:200] don gudun maimaici, ya jefar da mutum ɗaya. Python ba za ta ce uffan ba. Sai ƙarshen wata mai iyali ya ji shiru.

Malamin da zai koyar da yanka jeri ya fara da zana layuka tsakanin sunaye a allo, ya ɗora lambobin a kan layukan, kafin ya rubuta ko da baka ɗaya.