Tsadar fetur: Yadda tafiya da ragowar mai ke cinye tsofaffin jif-jif a Kebbi

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, lissafin mai mota ya sauya. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a Oktoban 2024 kuma ta tsallake Naira 1,000 a Abuja, kafin ta ɗan sassauto daga baya. An yi ta magana a kan kuɗin mota da farashin abinci. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne ɓarnar da wannan tsada ke yi a cikin tankin motar kanta, musamman tsofaffin jif-jif 'yan Kwatano irin su Pathfinder da Highlander da RX300, waɗanda 'yan kasuwa da ma'aikata suka saya a zamanin araha saboda ba sa tsoron ramuka.

Tankin irin waɗannan motoci yakan ci lita 70 zuwa 80. A farashin Naira 1,000, cika tanki mai lita 75 daidai yake da mafi ƙarancin albashin Naira 75,000 da Gwamna Nasir Idris ya amince da shi a Jihar Kebbi. Don haka ba abin mamaki ba ne a ga mai jif ya tsaya a gidan mai a Birnin Kebbi ya ce a zuba masa na dubu biyar, ya kama hanyar Argungu, tafiyar kimanin kilomita 50, fitilar gargaɗi tana ci tun daga fita gari har dawowa.

A nan matsalar ke farawa. Famfon da ke tura mai zuwa inji a cikin tanki yake zaune, kuma fetur ɗin da ke kewaye da shi, da wanda ke ratsa shi, shi ke sanyaya shi. Idan mai ya yi ƙasa, famfon yakan yi zafi. Idan motar ta faɗa rami ko ta sha kwana, ɗan man da ya rage ya karkata gefe, sai famfon ya zuƙi iska. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, wannan ba ƙaramar azaba ba ce ga ƙarfen da ya shekara ashirin yana aiki. Alamun sanannu ne: ƙara kamar kukan ƙudan zuma daga wajen kujerar baya, shaƙewa idan an taka totur, da wahalar tashi bayan doguwar tafiya.

Allurar mai ma ba ta tsira ba. Abin da ke motsa ta wata 'yar roba ce mai yawo a saman fetur, haɗe da ƙarfen da ke goga wani ɗan allon lantarki. Motar da kullum ke yawo da ragowar mai, wuri guda na allon ake ta gogawa, kuma wurin ne ke fara cinyewa. Sakamakon haka allurar takan yi ƙarya daidai inda aka fi bukatar gaskiyarta: ta nuna kwata alhali tanki ya bushe, ko ta kwanta a ƙasa ko da an cika shi. Wani lokaci kuma laifin na gyara ne. Bakanike ya sauya famfo, ya lanƙwasa ƙarfen robar wajen mayarwa, ko ya sa na wata motar da ma'auninsa bai dace ba. Inji ya tashi, kowa ya yi murna, ba wanda ya waiwayi allura.

Sai batun ingancin man. Ba a manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da kamfanin NNPC ya amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, motoci suka lalace, dogayen layuka suka dawo. Ko a Amurka, a shekarar 2004, man da ke ɗauke da sinadarin farar wuta ya kashe allurar mai a dubban motoci a jihohin Florida da Louisiana, domin yana cin azurfar da ke jikin ɗan allon nan. Can an dakatar da sayar da man, kamfanin ya ɗauki nauyin gyara. A nan kuwa, wanda motarsa ta mutu tsakanin Birnin Kebbi da Argungu ba shi da mafita sai 'yan bumburutu, kuma ba wanda ya san ruwa ko ƙurar da jarkarsu ta kwasa. Wato ƙaryar allura ce ke kai mutum ga man da zai toshe masa matata, ya ƙarasa famfon.

A ganina, kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar tafiya da ragowar mai a matsayin tattali. Motar da ke da kwatan tanki da wadda ke kan ja, kusan mai ɗaya suke sha a kowace kilomita. Bambancin kawai shi ne lita 18 ko 20 da za a zuba sau ɗaya a bar su a matsayin jari, sannan a ci gaba da sayen na dubu biyar ɗin a kansu. Na sani, faɗa ya fi yi sauƙi. Ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa kafin tsakiyar wata ba shi da wannan jarin. Amma kuɗin sabon famfo da na janwe da ladan bakanike sun fi shi, kuma su ba sa jiran ƙarshen wata.

Ga ɗan kasuwar da ke tura direba ɗaukar shinkafa ko kifi a Argungu, matacciyar allura ta wuce matsalar inji, ta zama ta amana. Ba zai iya tantance ko direba ne ya rage, ko gidan mai ne ya tauye mudu, ko motar ce ke zuba ba. Haka abin yake a ma'aikatun gwamnati masu tsofaffin motoci, inda ake rubuta takardar mai ba tare da an rubuta kilomitar da aka yi ba. Duba famfunan gidajen mai aikin hukumar NMDPRA ne da sashen awo da ma'auni na Ma'aikatar Ciniki ta Tarayya, sai dai jami'insu ba zai shiga motar kowa ba.

Kafin a yarda a sauya allon gaban direba gaba ɗaya, wanda shi ne gyara mafi tsada, ya kamata mai wayarin ya fara duba fis da wayar da ke zuwa tanki, sannan ya auna ɗan allon da mita. Wanda bai samu halin gyara ba tukuna, ya cika tanki sau ɗaya, ya mayar da ma'aunin tafiya sifili, idan ya sake cikawa ya raba kilomita da lita. Daga nan littafin aljihu ne zai riƙa gaya masa ko man zai kai shi Argungu ya dawo da shi.